Hakama a Ƙasar Duwatsu Masu Cin Suna

A wani zamani da ya daɗe da shuɗewa an yi wani gari a bakin daji, ana ce masa Tungar Maje. A garin akwai wani malami, Malam Mantau, wanda sunansa ya kai ko'ina saboda wani littafi na lissafin taurari. Da littafin manoma suke sanin ranar da za su kai iri gona, fatake kuma su san lokacin da ya dace su keta Hamada.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Malam Mantau bai taɓa bin tauraro ɗaya daga fitowarsa zuwa faɗuwarsa ba. Yayarsa Hakama ce ta yi aikin. Mijinta ya rasu da daɗewa, ta dawo gidan ƙanen nata tana sana'ar kaɗi. Shekara talatin tana duban sama daga kan soro, duk abin da ta gani sai ta ƙulla shi a jikin zare. Ita ta faɗa, shi ya rubuta. Da aka gama ya sa sunansa a ƙarshe. Ba ta ce masa komai ba, don shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

Wata shekara, ana tsakiyar bazara, zafi har kaji na buɗe baki, Malam Mantau ya wayi gari yana karkarwa. Aka lulluɓa masa gwado uku, bai ji ɗumi ba. Aka kewaye shi da kaskon wuta, garwashin ya mutu. Da aka miƙa masa ƙwaryar ruwa, yana taɓawa ruwan ya daskare, ƙwaryar ta tsage gida biyu. Kafin mako biyu ƙafafunsa sun yi fari fat, sun sandare har gwiwa.

Ranar wata Laraba da hantsi, Hakama tana zaune kusa da shi, sai aka yi sallama a cikin ɗakin, ba a ƙofa ba. Ta waiga. Wani dogon aljani ne tsaye, fari kamar gishiri, kansa na gogar rufi, wani tururi mai sanyi yana fita daga rigarsa.

Ya ce, "Aminci ya tabbata ga mutanen wannan gida. Ni ne Shamrakil, manzon Majalisar Duwatsu. An aiko ni in yi muku ta'aziyyar Malam Mantau mai lissafin taurari."

Hakama ta haɗiye tsoronta, ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda kake wa ta'aziyya ga shi nan yana numfashi."

Aljanin ya sunkuya ya dubi marar lafiyar, ya daɗe yana dubansa. Sai ya ce, "Lallai an yi babbar ɓarna. Ki sani, ya ke 'yar Adam, a can ƙurewar arewa, inda ƙasa ta ƙare, akwai ƙasarmu ta ƙanƙara. Duk dutse da kwari da mashigin ruwa da ke cikinta, da sunan wani masanin taurari ake kiransa, don girmamawa. Amma sai wanda ya mutu ake sa wa, domin dutse yana shan ɗumin mai sunan. Matacce ba shi da ɗumin da zai rasa. Wasiƙa ta iso mana cewa wannan bawan Allah ya rasu."

Hakama ta juya wajen ƙanenta. "Wa ya rubuta wasiƙar?"

Malam Mantau ya fashe da kuka, hawayen na daskarewa a gemunsa. Ya ce, "Ni ne, Yaya. Wani aljani bafatake ne ya ba ni labarin ƙasar. Na so in ji an ce ina da dutse tun ina da rai. Wallahi ban san haka abin yake ba."

"Mantau, Mantau," in ji ta.

Shamrakil ya ce, "Sunansa harafi huɗu ne a rubutunku. Masassaƙinmu yana gama harafi ɗaya duk kwana bakwai na ƙasarku. Ya gama biyu. Ran da ya gama na huɗu, zuciyar wannan mutum za ta zama ƙanƙara. Ba mai tsayar da gizagonsa sai Majalisa, Majalisa kuwa ba ta sauraron kowa sai wanda ya haɗa jini da mai sunan, ya kuma tako da ƙafarsa."

Hakama ta miƙe. Ta ɗaure garin gero da kilishi a tsumma, ta ɗauki mazarinta da curin zare da damin auduga, ta ce, "Mu tafi."

Aljanin ya buɗe hannun rigarsa, ta shiga. Ta ji iska tana ruri, ta ji ƙanshin ruwan teku, sannan ta daina jin komai sai sanyi. Da ya zazzage ta, sai ta ga kanta a kan wani fili fari wanda ba shi da iyaka, ba itace, ba ciyawa, ba ko tsuntsu. Ya yafa mata wata alkyabba ta gashin farar dabba.

Ya ce, "Nan ne iyakar inda aka halatta mini in kawo ki. Ki nufi arewa har ki ji ƙarar gizago. Gargaɗi ɗaya zan yi miki: kada ki kuskura ki furta sunanki a ƙasar nan. Ni kaina ban san shi ba, kuma ba na so in sani. Akwai duwatsun da ba su sami suna ba tukuna, yunwarsa suke ji."

Yana faɗin haka ya ɓace.

Hakama ta kama tafiya. Ta yi ta tafiya tana jiran rana ta faɗi ta huta, rana ta ƙi faɗuwa. Sai ta gangara kamar za ta taɓa ƙasa, ta bi gefen sama a kwance, ta sake hawa. Abin ya ɗaure mata kai, har ta tsaya tana salati. Daga nan duk zagayen da rana ta yi sai ta ƙulla zare sau ɗaya, don kada kwanakin su ɓace mata.

A ƙulli na uku ta iso bakin wani teku da ya daskare. Tana sa ƙafa, ƙanƙarar ta yi ƙara ta fashe, wata dabba ta ɓullo daga ƙarƙashi. Girmanta ya fi na rumbu, tana da haure biyu kamar taɓarya, ruwa na zuba daga gashin bakinta.

Dabbar ta ce, "Tsaya nan, mai ƙafa biyu! Wannan Mashigin Harsana ne, mutumiyar ƙasar Hindu, wadda ta shekara arba'in tana auna inuwar wata har idonta ya tafi. Ni aka ba amanar sunanta. Me ya kawo mai ɗumi wurin matattu?"

Hakama ta durƙusa ta ce, "Allah ya ƙara maka girma, ƙara na kawo gaban Majalisa."

"Hanyoyi huɗu ne suka ratsa mashigin nan. Wadda ta nufi arewa ce kaɗai take ɗaukar nauyi. Sauran ukun ɓawo ne a kan ruwa, waɗanda suka bi su suna nan ƙasa tare da ni. Zaɓi."

Ta duba hanyoyin, duk kamarsu ɗaya. Ba tauraro a sama, ba gabas, ba yamma, ranar da za ta nuna mata hanya kuwa zagaye kawai take yi. Ta ce, "Ka ba ni zagayen rana ɗaya."

"Na ba ki. Amma inda kike tsaye ma ba ya daɗewa."

Ta kafa mazarinta a cikin ƙanƙara, ta zauna tana lura da inuwarsa. Duk inda inuwar ta kai sai ta aza ɗan tsinken auduga. Dabbar ta nutse, tana kewaya ta ƙarƙashinta, duk wucewar da ta yi sai ƙanƙarar ta yi ƙara, wata tsaga ta ƙaru. Ruwa ya fara tsattsafowa ya jiƙa mata gwiwa. Barci ya kama ta, ta riƙa cizon hannunta. Da inuwar ta kammala zagaye, filin da take kai bai fi faɗin tabarma ba.

Ta yi tunani a ranta: daga kudu aka kawo ni, can kuma rana ta fi tsayi. Inda inuwa ta fi gajarta, rana tana ta wajen gida ke nan, inuwar kuwa tana nuna inda za ni. Ta cire mazarin, ta yi bisimilla, ta daka tsalle zuwa hanya ta biyu daga hagu. Ƙanƙarar ta yi ƙara, amma ta riƙe ta. Guntuwar ƙanƙarar da ta baro ta kife nan take.

Dabbar ta ɓullo a bayanta ta ce, "Wuce. Harsana ma da haka za ta yi."

Hakama ba ta tsaya godiya ba. Ta ƙetare mashigin da sassarfa, ga kwana guda cur ya tafi a zaune.

A ƙulli na bakwai ta shiga wani kwari mai tsawo. Hagu da dama ƙananan duwatsu ne baƙaƙe, sun yi cirko-cirko kamar mutanen da suka zo jiran rabo. Tana shiga suka fara magana.

"Baiwar Allah, sannu da hanya. Wace ce?"

"Uwa, ko ba ki faɗa duka ba, ba ni rabi."

"Ni shekara dubu ina nan ba wanda ya taɓa kirana. Ki ji tausayina."

Ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Da suka ga roƙo bai yi ba, sai suka sake murya. Ta ji muryar mahaifiyarta tana cewa, "Wace 'yar ce wannan da ba ta gaisuwa? Ke wace ce a cikin 'ya'yana?" Ta toshe kunnuwanta da auduga, muryar ta biyo ta cikin ƙashi. Can kuma sai muryar mijinta marigayi, da irin tattausan lafazin da yake mata magana in ya dawo daga kasuwa.

"Idona ba ya gani a nan. Ke ce? In ke ce, faɗa mini, in san ba ni kaɗai ba ne."

Ta tsaya. Sama da shekara talatin rabonta da muryar nan. Ta juya ta taka wajen da take fitowa, ashe akwai wani rami da dusar ƙanƙara ta rufe. Ta rufta, ta kama bakin ramin da hannun hagu, jikinta na lilo a kan wani duhu marar ƙasa.

Muryar ta ce, "Ga hannuna! Wa zan kama? Faɗi!"

Bakinta ya suɓuce. "Ni ce, Ha…"

Ta datse harshenta da haƙori har jini ya cika mata baki. Amma wani ɗan dutse da ke kusa ya riga ya cafke abin da ya fita. Ya fara tsalle a wurinsa yana ihu, "Ha! Ha! Na samu! Ni ne Ha!" Nan take yatsunta biyu na hagu suka yi fari, suka mutu. Saura uku suke riƙe da ita. Ta zaro mazarin da hannun dama, ta caka shi a bangon ramin, ta dogara da shi, ta ja jikinta a hankali har ta fito. Ta cusa auduga a bakinta, ta ɗaure da zare ta bayan ƙeya, ta ruga a guje. Duwatsun na kiranta da muryoyin duk wanda ta taɓa binnewa, har ta fita daga kwarin.

A ƙulli na goma sha biyu ta hau wani tsauni mai santsi, da rarrafe ta kai ƙololuwarsa. A can ta tarar da wata tsohuwar aljana mai ido ɗaya a tsakiyar goshi, tana zaune a gaban wani faffaɗan allo na ƙanƙara.

Tsohuwar ta ce, "Kwance bakinki, jikanyar Hauwa'u, nan ba mai satar suna. Wannan Tsaunin Abu Ramla ne, makiyayin raƙuma, wanda ya ƙirga taurarin da ke raka ayari har ya san su kamar garkensa. Saurara. Me kika ji?"

Hakama ta kasa kunne. Daga nesa ta jiyo wani sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Gizago ke nan. Harafi na huɗu ya kusa ƙarewa. Matso ki duba."

Ta duba cikin allon, sai ga ɗakin ƙanenta. Yana kwance, farin nan ya haura har ƙirjinsa. Almajiransa manya sun kewaye shi, ɗaya yana cewa, "Malam, in ta Allah ta kasance, wa ka bar wa sirrin littafin?" Malam Mantau ya buɗe baki da kyar ya ce, "Ni kaɗai na san shi." Ya rufe ido.



Tsohuwar ta ce, "Kin ji? Yana bakin kabari bai ambace ki ba. Na san wa ya yi aikin, don na ga yadda kika kafa mazari a mashigi. Ki bar gizago ya gama. Ni zan mai da ke gida kafin ki ƙifta ido, in kuma sa iska ta gaya wa kowane gari gaskiya. Shi ya nemi dutse, a bar shi da dutsensa."

Hakama ta zauna a ƙasa. Ta dubi yatsunta biyu da suka mutu. Ta tuna shekarun da ta yi a kan soro, sauro na cizonta, shi yana ɗaki yana minshari. Sautin gizagon bai tsaya ba.

Daga bisani ta ce, "Iya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ɓarawo ne, kuma matsoraci ne. Amma ni na goye shi ranar da aka binne uwarmu. In zan yi masa faɗa, ina so in yi masa yana ji."

Tsohuwar ta yi dariya har tsaunin ya girgiza. Ta kwantar da allon ƙanƙarar ta ce, "To hau. Ki riƙe da kyau, ba ya tsayawa sai ya ga dama."

Hakama ta kwanta rub da ciki a kan allon, tsohuwar ta tura shi da ƙafa. Ya gangara kamar kibiya, ya tsallake kwazazzabai, ya ratsa ta ƙarƙashin wani kogo mai launin shuni, iska na yankar fuskarta. Bai tsaya ba sai da ya daki gindin wani dutse, ya tarwatse, ya watsar da ita.

Ta ɗaga kai. Dutsen ya fi duk wanda ta taɓa gani tsawo, baƙi wuluk, kansa fari. A ƙirjinsa an sassaƙa haruffa uku, kowanne ya kai tsayin rimi. Wani ƙaton aljani yana rataye da igiya yana saran na huɗu, saura ɗan lanƙwasar wutsiyarsa. A gindin dutsen aljanu arba'in suna zaune a kan kujerun ƙanƙara, a tsakiyarsu wata mace mai rawanin azurfa.

Shamrakil yana tsaye a gefe. Ya ɗaga murya ya ce, "Ya Magajiya Saljatu, shugabar Majalisar Duwatsu, ga mai ƙara ta iso da ƙafarta."

Hakama ta rarrafa ta durƙusa. "Allah ya ja zamaninki, a tsai da gizagon nan. Mai sunan yana da rai."

Magajiya ta ce, "Mun sani. Shi ya yi mana ƙarya, shi zai ɗauki abin da ƙaryarsa ta jawo. Gizago ba ya tsayawa don kuka."

Ƙwas.

"To ba shi ya yi littafin ba. Rubutawa kawai ya yi."

Majalisar ta ɗauki guna-guni. Magajiya ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta ce, "Wannan magana ce mai nauyi. In haka ne, za a kankare sunansa. Amma ki sani, dutsen da ya ɗanɗani suna ba a barinsa haka. Aikin ya cancanta, don haka sunan mai aikin zai hau. Wane ne?"

Sai a lokacin Hakama ta ga ramin da ta faɗa. In ta yi shiru, Mantau ya mutu. In ta faɗa, ita ce za ta daskare.

Ƙwas.

Ta ce da sauri, "Aikin bai cancanta ba, ranki ya daɗe. Akwai kuskure a ciki. An rubuta cewa ko'ina a duniya, duk ranar da ta fito sai ta faɗi kafin a kwana. Ga rana can, kwana goma sha uku ina kallonta ba ta faɗi ba."

Magajiya ta yi murmushi. "Harsana ta yi kuskure bakwai, tana da mashigi. Abu Ramla ya yi goma sha ɗaya, yana da tsauni. Ba don rashin kuskure muke sa suna ba. Don daɗewar kallo muke sa shi. Kawo wata hujjar, in kina da ita. Sara uku suka rage."

Ƙwas.

Hakama ta miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Majalisa.

Ta ce, "Harsana ta mutu, ba ta da halin gyara nata. Abu Ramla ma haka. Shi ya sa kuke jira sai mutum ya mutu, don a tabbata ya gama kallonsa. Mai wannan littafi bai gama ba. Ya ga kuskurensa, kuma yana da idon gyarawa. In kun sa sunansa yau, kun sa wa babban dutsenku sunan rabin aiki."

"Ina yake?"

"Ga ta a gabanki."

Ƙwas.

"Faɗi sunanki."

"Ba zan faɗa ba, Allah ya ja zamaninki. Ki tsai da shi tukuna, in faɗi abin da zan iya bayarwa."

Masassaƙin ya ɗaga gizagonsa sama. Hakama ta ga ƙarfen yana walƙiya a rana. Ba wanda ya motsa. Magajiya ta zuba mata ido, ita ma ba ta kau da nata ba.

"Dakata," in ji Magajiya.

Gizagon ya tsaya a iska.

Hakama ta ce, "Ku kankare sunansa yanzu. Ni kuma zan zauna a ƙasarku in kalli samanku har in fahimce shi, in koma in gyara littafin. Ran da na mutu, ku aiko a tambayi sunana a ƙofar gidanmu, ku sa wa dutsenku. Ba zan gudu ba. Ba inda ɗan Adam yake gudun wannan rana."

Aljanun suka haɗa kai suka yi shawara cikin wani harshe mai kama da fashewar ƙanƙara. Daga nan Magajiya ta ce, "Mun karɓa. Za ki zauna yini ɗaya da dare ɗaya namu. Kin san tsawonsu?"

"A'a."

"Shekara guda ce a ƙasarku. Rabinta ba za ki ga rana ba ko sau ɗaya. 'Yan Adam uku sun gwada kafin ke, ba wanda ya ga wayewar gari."

Hakama ta ce, "A kankare."

Aka kankare. Tana tsaye har sai da harafin ƙarshe ya zube ƙasa ya zama gari, sannan ta yanke jiki ta faɗi.

Aka gina mata ɗaki da tubalin ƙanƙara a gindin dutsen, ana kawo mata kifi da man da za ta kunna. Ta ga rana tana sauka kaɗan-kaɗan har ta nutse, ba ta dawo ba. Ta ga taurari suna kewaya sama kamar shanu a masussuka, ba mai fitowa, ba mai faɗuwa, ɗaya a tsakiya ya kafe ba ya motsi. Zarenta ya ƙare, ta warware bakin zanenta ta ci gaba da ƙulli. Sau biyu sanyi ya kwantar da ita har ta yi kalmar shahada, sau biyu tana tashi. Ran da bakin sama ya yi ja, Shamrakil ya zo ya buɗe hannun rigarsa, ta shiga.

Ya sauke ta a bayan Tungar Maje da la'asar. Kanta ya yi fari tas, ta rame har zobe ya faɗi daga yatsanta. Ta shiga gari ba wanda ya gane ta, don an daɗe da yi mata addu'ar arba'in.

A ƙofar gidansu ta tarar da taro. Manoma ne suka cika dandali, an yi yayyafi sau ɗaya, sun zo tambaya ko su shuka. Malam Mantau yana zaune a kan buzu, sanduna biyu a gefensa, don ƙafafun ba su koma daidai ba. Littafin yana buɗe a cinyarsa, yana ta juya takardu, gumi na zuba masa.

Sarkin Noma ya ce, "Malam, kai muke jira. Bara ka ce mu shuka, iri ya ƙone a ƙasa. Bana in aka sake, ba mu da na ci, balle na shuka."

Malam Mantau ya ɗaga kai zai yi magana, sai idonsa ya faɗa a kan tsohuwar da ke tsaye a bayan taro, hannunta na hagu da yatsu uku masu motsi. Littafin ya zame daga cinyarsa. Ita kuwa ta tsaya tana dubansa.

Ya lalubi sandunansa, ya miƙe da kyar.

Ya ce, "Jama'a, ban sani ba. Ban taɓa sani ba. Littafin nan ba nawa ba ne, hannuna kawai ke ciki. Ga mai shi can. Yaya, ki yafe mini, ki zo ki gaya musu."

Dandalin ya ruɗe da salati. Wasu suka ja da baya suna cewa fatalwa ce, wasu suka fara zagin malamin. Hakama ta ratsa su, ta zo ta tsaya kusa da ƙanenta, ta dubi gabas, ta shaƙi iska.

Ta ce, "Kada kowa ya taɓa irinsa. Wannan ruwan yaudara ne. Ku jira kwana tara." Sannan ta juya ga Mantau, ta rage murya. "Kai kuma shiga ciki. Akwai faɗan da na ɗauko maka tun daga ƙarshen duniya, ba a gaban mutane zan sauke shi ba."

A kwana na tara aka kece da ruwa, aka shuka, shekarar ta yi albarka.

Hakama ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, ta gyara littafin tun daga farko har ƙarshe. Duk shekara in bazara ta tsananta, sai a wayi gari randar gidan ta daskare, a ji wata murya daga zaure tana cewa, "Majalisa tana gaisuwa. Mai littafi tana nan?"

Ita kuma sai ta amsa daga tsakar gida, ba tare da ta ajiye abin da take yi ba, "Tana nan. A gai da Magajiya, a ce wa dutse ya ƙara haƙuri."

A shekara ta ashirin muryar ta yi tambayarta, tsakar gida ta yi shiru. Malam Mantau ne ya fito zaure a kan sandunansa, ya tsufa tukuf. Ya tsaya a gaban baƙon, ya share idonsa, ya faɗi sunan yayarsa harafi bayan harafi, ya sake maimaitawa don kada a yi kuskure wajen sassaƙa.

Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan na labarin Hakama. Allah ya jiƙan magabata.